Wa Ake Ɗauka, Wa Ake Bari A Ƙofar Makarantun Lafiyarmu?



Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ɗaya daga cikin asibitocinmu ya san wata tambaya da magidanci yakan yi idan ya kawo iyalinsa cikin dare tana naƙuda. Kafin ya tambayi kuɗin kati, kafin ya tambayi ko akwai gado, sai ya sunkuya ya ce da malamin da ke bakin ƙofa, "Akwai mace?" In an ce akwai, hankalinsa ya kwanta. In an ce babu, wani ya haƙura ya shiga saboda larura, wani kuwa ya ce da direba a juya, a koma gida a ci gaba da jiƙe-jiƙe har abin da Allah ya yi. Wanda ya juya ɗin nan ba mu yabe shi ba, gama shari'a ta yarda namiji ya duba mace idan larura ta kama, rai kuwa ba abin wasa ba ne. Amma tambayarsa tana nan ba ta gushe ba, kuma tun shekaru da dama kafin wannan dare aka shirya amsarta, a ofishin da ake ɗaukar ɗalibai, da ɗakin da ake zama don ɗaukar ma'aikata da ƙara musu girma.

Wuraren nan ba su da nisa da mu. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. A Tsafe, kan hanyar Funtuwa, akwai kwalejin kimiyya da fasahar lafiya, inda ake horad da malaman asibitin da ke riƙe da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. Daga waɗannan wurare ne ake samun wanda zai tsaya kan majinyaci a Bunguɗu ko Kwatarkwashi. Kafin ran 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, galibin irin waɗannan al'amura a Sakkwato ake yanke su. Yau kuwa 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke riƙe da fayil da alƙalami, saboda haka ba sauran wanda za mu ɗora wa laifi.

Asibitin da ake koyarwa a cikinsa ya bambanta da sauran wuraren aiki. Ɗan kasuwa in ya ɗauki yaron shago don ɗan ƙanwarsa ne, ya bar wanda ya fi shi iya lissafi, asarar a aljihunsa za ta tsaya. Amma wanda aka ɗauka a makarantar lafiya yau, shi ne zai koya wa na gobe, na goben kuma ya koya wa na jibi. Idan aka rufe wa wani jinsin mutane ƙofa, sai a wayi gari bayan shekara ashirin babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a cikin malamai, sa'an nan a ce ai ba su da sha'awar aikin.

'Ya'yanmu mata

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa rayukansu. Ya kuma nuna cewa a ƙasar baki ɗaya kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti, amma a jihohin arewa maso yamma, inda muke, abin bai wuce kashi 16 ba. Dalilan suna da yawa, akwai nisa, akwai rashin kuɗi, akwai lalacewar hanya da fargabarta. Sai dai kowa ya san ƙarancin ma'aikata mata yana cikin manyansu.

A nan ne muke da abin faɗa wa kanmu. Mutumin da ya rantse namiji ba zai ga matarsa ba, sau da yawa shi ne wanda ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji uku na sakandare. To 'yar wa yake so ta karɓi haihuwar? So yake wani ya bar tasa 'yar ta yi shekaru tana karatu, ta kwana kan aiki, don shi ya tsare mutuncin gidansa. Wannan shi ne a ci da kai a sha da kai, ranar biya a ce ba a san ka ba. Malamai sun sanya ilmin magani cikin farillan da idan wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya ƙi to laifin ya hau kan kowa. Al'ummar da ta ce mace ce za ta duba mace, ita ta ɗora wa kanta wajibcin samad da wannan mace.

Kuma abin ba baƙo ba ne a addini. A shekara ta 5 bayan hijira, da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a yaƙin Khandaƙ, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai shi hemar Rufaida, wata mata Ba'aslamiya da ta kafa hemarta a masallaci tana jinyar masu rauni. A ƙasar nan tamu ma an taɓa yin wannan gardama. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami, Mustafa Goni, ya zarge shi a kan barin mata su halarci majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da amsa, gundarin amsar kuwa shi ne barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu ɓarna, balle ga shi an keɓe musu wurin zama. Daga baya 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantad da mata. Watau magabata, da suka ga akwai abin tsoro a cuɗanya, gyara wurin suka yi, ba su kori matan ba.

Irin wannan gyara aka gwada a zamaninmu. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanad da wani shiri na horad da mata ma'aikatan lafiya da taimakon gwamnatin Ingila, a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, da niyyar shigad da mata 6,000 makarantun lafiya. Abin da masu shirin suka tarar ya isa a yi tunani a kansa. Ana buɗe gurbi a makarantar ungozoma, amma yarinyar ƙauye ba ta iya shiga, domin ana neman ta ci darussa biyar da kyau, Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, alhali kuwa makarantar da ta fito ko malamin kimiyya babu. Sai guraben su tafi ga 'yan birni, waɗanda in sun gama ba za su zauna ƙauye ba. An ga misalin haka a shirin tura ungozomomi karkara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2009, inda da yawa daga waɗanda aka kai nesa da gida ba su daɗe ba.

Maganin da aka yi shi ne shekarar share fage. Mutanen gari da kansu, da hakimi da limami da iyaye, su zaɓi yarinya ko matar aure daga cikinsu, a kawo ta a yi mata karatu na musamman har ta ci jarrabawar da kowa ke ci, sa'an nan ta shiga makarantar, bisa alkawarin in ta gama za ta koma garinsu ta yi aiki. Ba a rage mata ko maki ɗaya ba. An kuma gina ɗakunan kwana masu katanga, an buɗe ɗakin reno don mai goyo ta sami inda za ta ajiye jaririnta ta shiga aji, an horad da mata su zama malamai a makarantun. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Uba ya fi sakin jiki ya ba da 'yarsa in ya san akwai babbar mace da za ta kai wa kuka, malamin da ke da mugun nufi kuma yakan ji nauyi in ya san akwai idon da ke kallonsa.

Ba za mu wuce nan ba sai mun ambaci abin da ke ci wa kowane uba tuwo a ƙwarya. A 2022 'yan bindiga sun sace wasu ɗalibai mata na kwalejin Tsafe daga gidan da suke haya a cikin gari. A watan Satumba na 2023 kuma aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu. A duka biyun, daga wajen harabar makaranta aka ɗauke su. Uban da ya ji wannan labari ya ce 'yarsa ta zauna gida, ba za mu kira shi maƙiyin ilmi ba. Duk jawabin da za a yi kan ilmin mata, in babu ɗakin kwana mai tsaro a cikin makaranta, zuba ruwa ne a rariya.

Bayan an ɗauke ta aiki ma da saura. Ma'aikaciya ta tafi hutun haihuwa, wanda doka ta ba ta, ta dawo ta tarar an tura sa'o'inta maza kwas an tsallake ta. Ko a zauna taron manyan likitoci, ta kawo shawara a yi kamar ba a ji ba, can wani ya maimaita maganar a ce madalla. Irin waɗannan ba a rubuce suke a kowace takarda ba, amma su ne ke sa mace mai hazaƙa ta tsaya inda take har ta yi ritaya.

Baƙo

Yanzu sai maganar da wasu ba su son ji, watau ma'aikacin da ba ɗan jiha ba, ko wanda ba Musulmi ba.

Mu dubi sarautun garuruwan nan uku tukuna. Sarkin Gusau, Sarkin Katsina ake ce masa. Na Bunguɗu, Sarkin Fulani. Na Tsafe yana ɗauke da sunan 'Yandoto, tsohon garin malamai da almajirai suka riƙa zuwa daga nesa. Sunayen kansu shaida ne cewa taruwar mutane daga wurare dabam-dabam ce ta kafa ƙasar. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo Yarabawa da Ibo da Kwarori, aka yi Sabon Gari, aka yi arziki tare. 'Yan kasuwarmu sun fi kowa sanin wannan, gama su ma baƙi ne a Legas da Fatakwal da Kumasi, kuma sun san zafin a ce da mutum koma garinku.

Tarihin likitanci a Arewa ma haka yake. Likitan zamani na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, Kirista ne daga Wusasa ta Zariya, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma asibitin koyarwa na Jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ma Kirista, shi ne likitan Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma shugabanci jami'ar da ke Zariya daga 1966 zuwa 1975. Sardauna jikan Shehu ne, ba wanda zai koya masa kishin addini, amma ya miƙa jikinsa ga wanda ya ga ya iya kuma yana da amana.

Ya gaji wannan ne daga magabata. Ran hijira, wanda aka ɗauka ya nuna hanya zuwa Madina, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, bai musulunta ba a lokacin, kuma malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin amfani da gwanintar wanda ba Musulmi ba in amintacce ne. A shekarar 765 Halifa Mansur ya aika aka zo masa da Jurjis ɗan Bukhtishu, Kirista, daga Jundisabur, zuriyarsa kuwa suka yi ta yi wa halifofin Bagadaza aiki tsara bayan tsara. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, Kirista ne, shi ya juya littattafan likitancin Yunanawa masu yawa zuwa Larabci. Musa ɗan Maimuna, Bayahude, likita ne a fadar Salahuddin a Alƙahira. Zamanin da Musulmi suka fi kowa ilmin magani a duniya, shi ne zamanin da majalisinsu ya fi cika da mutane iri-iri.

To yaya muke yi da namu baƙin? Sanannen abu ne a jihohi da yawa na ƙasar nan, kudu da arewa, cewa wanda ba shi da takardar shaidar zama ɗan ƙasa a ƙaramar hukuma, sai a ɗauke shi aikin kwantiragi, ya yi shekara goma sha biyar yana koyarwa yana yanka, ɗaliban da ya yaye su zama shugabanninsa, shi kuwa ba fansho ba ƙarin girma. Wani ma a garin aka haife shi, Hausa ce harshensa na fari. Ran da ya sami gurbi a Abuja ko Saudiyya ko Ingila ya tafi, sai mu ce baƙo ba ya zama. Ina zai zauna, tun da ba a ba shi tabarma ba? Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini. Tun kafin wannan kuwa aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci.

Akwai wani kyakkyawan abu da ma'aikatan asibiti suka saba yi tsakaninsu ba tare da wata doka ba. Ran Sallah, abokan aiki Kirista su riƙe ɗakunan jinya don Musulmi su je idi su ci abinci da iyali, ran Kirsimeti kuma a rama musu. Mai haƙurin da aka ɗinke wa rauni ran Babbar Sallah bai san da wannan yarjejeniya ba, amma albarkacinta ya ci. Shugaban da ke tsara jerin masu aiki, in ya lura da Juma'a ya manta da Lahadi, ya warware abin da ƙananan ma'aikata suka ƙulla da hankalinsu.

Sai harshe. Ana zagayen duba majinyata da Turanci, mai ciwon kuwa Hausa yake ji, wani ma Fillanci kaɗai. Sau da yawa mai shara ko ɗan jinyar gadon kusa ne ke zama tafinta, asirin mai ciwo ya tonu, maganar kuma ta isa rabi da rabi. Baƙon likita haƙƙinsa ne a koya masa Hausa, wajibinsa ne kuma ya koya. A halin da Zamfara ke ciki, inda fitina ta sa zargi ya shiga tsakanin manomi da makiyayi, Bafillatanar ruga takan ji tsoron shigowa gari da ɗanta mara lafiya. Da a ce a kowace shekara ana ɗaukar 'ya'yan ruga ko da kaɗan ne a Tsafe da Gusau, da ta sami wanda zai gaishe ta da harshenta a bakin ƙofa.

Cancanta fa?

Mun san abin da wani mai karatu, musamman tsohon ma'aikacin gwamnati, zai ce: "Aikin likita ba rabon ganima ba ne. Wuƙar tiyata ba ta san ɗan wane gari ba. A ɗauki wanda ya fi iyawa kawai." Maganarsa gaskiya ce, kuma mun yarda da ita. Sharuɗɗan ɗaukar ma'aikaci da aka ambata a ƙissar Annabi Musa cikin Suratul Ƙasas guda biyu ne, ƙarfi da amana, kuma malamai sun ce ba da muƙami ga wani don kusanci alhali ga wanda ya fi shi, ha'inci ne. Duk wanda ya sa hannu aka yaye ɗalibin da bai iya ba, don tausayi ko don cike gurbin wata ƙaramar hukuma, yana da kamasho a jinin da za a zubar.

Amma a yi mana adalci a amsa, yau cancanta ce ke hana 'yar talaka shiga, ko takardar da wani babba ya rubuto? Mu kanmu 'yan Zamfara muna cin moriyar sassauci. A jami'o'in tarayya ana ɗaukar kashi 45 bisa maki zalla, kashi 35 daga yankin da jami'a take, kashi 20 kuma daga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. An kafa Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya a 1996 don irin wannan manufa. Ba daidai ba ne mu nemi a duba raunin jiharmu a Abuja, mu kuma mu ƙi duba raunin ƙauye a Gusau. Hanyar da ta kuɓuta daga zalunci ta kowane gefe ita ce wadda aka bi a shekarar share fage, a taimaki mai rauni kafin jarrabawa, ran jarrabawa kuwa kowa ya ci da guminsa.

Naƙasassu ma suna cikin wannan lissafi. Dokar da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta ce a keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika. Yaron da shan inna ta taɓa wa ƙafa ba abin da zai hana shi aikin gwajin jini ko haɗa magani, in ban da matakalar da ba zai iya hawa ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma an bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba.

Ma'aikacin gwamnati da ke zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai ko ƙarin girma, abin da ke hannunsa a fili yake: a buga sanarwar gurbi kowa ya ji, har a rediyo da Hausa, a rubuta ma'aunin zaɓe kafin a ga sunaye, a sa mace da baƙo cikin masu zaɓen, a kuma ajiye dalilin ƙin wanda aka ƙi a cikin fayil yadda za a iya dubawa. Alhazanmu na kasuwa kuwa, Allah ya saka musu, sun cika unguwanni da masallatai, har wani wuri ana jin kiran salla uku a layi ɗaya. Muna tuna musu cewa ƙofar wakafi tana da faɗi. Ɗakin kwanan ɗalibai mata mai katanga da rijiyar burtsatse a cikin harabar kwalejin Tsafe, ko ɗaukar nauyin yarinya ɗaya daga kowace gunduma ta Bunguɗu har ta gama karatun ungozoma, kuɗinsa bai kai na hawa na biyu da ake ɗora wa masallacin da ƙasansa bai cika ba.